Farar Tsakuwar Barnaba

A wani gari da layin dogo ya ratsa ta bayan kasuwarsa, akwai wani dattijo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran titin jirgin ƙasa. Da ƙarfinsa ya ja baya, idanunsa kuma suka dushe, sai ya koma gida ya zauna a lambunsa. Amma wanda ya saba da kukan jirgi zama shiru yana yi masa wuya. Ya ƙudura a ransa zai yi wa jikokinsa da yaran unguwa ɗan ƙaramin jirgi, wanda za su hau ya zagaya da su lambun ranar Kirsimeti.

Yana da 'ya'ya biyu maza, dukansu magidanta. Ya kira ƙaramin, Irmiya, wanda ya iya walda, ya ce ya haɗa kan jirgin da injin tsohon babur, ya ƙera taragu, ya shafa musu fenti. Babban kuwa, Barnaba, ya ba shi aikin shimfiɗa titin.

Ya ce masa, "Ka tafi gindin dutse inda mata suke fasa duwatsu, ka kawo tsakuwa mai kaifi, girman gujiya. Ita za ka zuba a ƙarƙashin katakan da ƙarafan za su hau, ka daddanna ta sosai. Kada ka kawo wata iri."

Barnaba ya ce, "To, Baba."

Ya kama aiki da gaskiya. Kullum yana durƙushe a rana, yana zuba tsakuwa, yana dannawa, kaifinta yana yayyanka masa yatsu. A can ƙarƙashin inuwa kuwa Irmiya yana shafa ja da kore, yana 'yar waƙarsa. Kun san halin mutane da abu mai ƙyalli. Duk wanda ya shigo lambun sai ya jefa wa Barnaba "sannu da aiki" ba tare da ya dube shi ba, ya tsallake ƙafafunsa, ya tafi ya tsaya yana yaba hannun Irmiya. Barnaba yana ji, yana haɗiyewa, yana cewa a ransa, "Dama can Baba ya fi son Irmiya. Ni ne babba, ni aka ba aikin jaki."

Duk wannan ya iya jurewa. Abin da ya karya shi ita ce 'yarsa Rifkatu, yarinyar da yake ji da ita kamar ransa. Wata rana ta shigo a guje ta same shi ya tare hanya, ta ce, "Baba, matsa in wuce, zan je in ga jirgin Baffa Irmiya!"

Jirgin Baffa Irmiya. Maganar ta tsaya masa a ƙirji, ya kasa ci, ya kasa fara'a. Kishi ya cika shi har in ya ji dariyar ƙanensa sai ransa ya ɓaci. Yana so mutane su gan shi, ya fi so kuma Rifkatu ta nuna wani abu a lambun nan ta ce na babanta ne.

A lokacin ya riga ya gama miƙaƙƙen titin, saura kwanar da ke gindin mangwaro, daidai inda za a jera wa baƙi kujeru. Ya dubi tsakuwar da ta rage, ga ta toka-toka, ba kyan gani. Sai ya ture ta gefe, ya ɗauki baro ya gangara rafi. Ya tsinto fararen duwatsu masu santsi, kewayayyu kamar ƙwan tattabara, ya wanke su tas, ya zuba su a ƙarƙashin katakan kwanar duka.

Da mahaifinsa ya tambaye shi ko ya zuba tsakuwar, ya ce, "Na zuba, Baba." Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, tsohon kuwa ba ya gani sosai.

Abin da Barnaba yake nema ya samu. Mata suka tsaya suna cewa ba su taɓa ganin titi mai kyau haka ba. Rifkatu ta jawo ƙawayenta tana nuna musu, tana cewa, "Babana ne ya yi!" Bakin Barnaba har kunne, yana satar kallon Irmiya ya ga ko abin ya yi masa zafi. Irmiya kuwa murna ya taya shi, wannan ma ya ɗan rage masa daɗin abin.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, lambun ya cika. Yara suka hau da sababbin kayansu, Rifkatu a taragon farko, Irmiya ya tayar da inji. Jirgi ya bi miƙaƙƙen titin lafiya lau. Da ya shiga kwana, nauyinsa ya koma gefe ɗaya, fararen duwatsun suka fara zamewa, kowanne yana gangarawa ta kan ɗan'uwansa. Katako ya nutse, ƙarfe ya karkace, taragon farko ya kife. Sauran yara suka tashi da ƙujewa, amma Rifkatu hannunta ya karye.

Mutane suka yi ca a kan Irmiya. Wani ya ce gudu ya yi yawa, wata ta ce dama ƙyale-ƙyale kawai ya iya. Irmiya ya tsaya kansa a ƙasa, hawaye na zuba. Barnaba ya daɗe yana marmarin ranar da za a daina yabon ƙanensa. Ga ranar ta zo, shi kuwa yana rungume da 'yarsa tana ihu, bai ji daɗin komai ba.

Tsohon ya lallaba da sandarsa har kwanar, ya tsuguna, ya damƙi duwatsun. Suka sulale ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ku rabu da Irmiya, jirginsa ba shi da laifi. Barnaba, wace tsakuwa ce wannan?"

Barnaba ya amsa da ƙyar, "Ta rafi ce, Baba."

Tsohon ya ce, "Ɗana, ruwa ya riga ya cinye mata kaifi. Kowacce tana da kyau ita kaɗai, amma babu wadda za ta iya riƙe 'yar'uwarta in nauyi ya zo."

Barnaba ya kwashe fararen duwatsun, ya mayar da mai kaifin, jirgi ya ci gaba da zagaya lambu shekara da shekaru. Hannun Rifkatu ya warke. Amma ba ta ƙara hawa ba. In yara suka yi layi, sai ta koma bayan uwarta ta ɓuya, uban yana kallo.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsohon nan shi ne Ubangiji, wanda yake raba wa kowa aikinsa a ikilisiya, ya kuma san dalilin da ya sa ya ce a yi shi yadda ya ce. Waɗansu ya ba su murya, suna tsayawa a gaba ana tafa musu. Waɗansu ya ba su shara, da jera benci, da ziyarar marasa lafiya, da addu'ar da ba wanda ya sani. Wannan aikin shi ne tsakuwa mai kaifi. Ba ta da kyan gani, tana yanka hannu, amma a kanta komai yake tafiya. Farar tsakuwa kuwa ita ce aikin da muke yi don ido ya gan mu, ko don mu dushe hasken wani. Yakan yi kyau har ranar da za a ɗora masa nauyi.

Ni da nake faɗa muku na ga irin Barnaba da yawa, har a cikin dattawa masu furfura. Mutum ya bar abin da aka sa shi don an yabi mai waƙa, mace ta ɓata girkin zumunta don an ambaci sunan wata. Kada ku ce kishi ƙaramin zunubi ne wai don a zuciya yake zaune. Ba ya zama a can, sai ya fito ta hannunka. In ya fito kuma, ba ya tambayarka wanda zai kayar. Barnaba ƙanensa ya nufa, amma 'yarsa ya ɗauka daga ƙasa.

Saboda haka kafin ka canza abin da Ubangiji ya sa ka zuba, ka ɗaga kai ka duba waɗanda suke cikin taragon. Allah ya ba mu zuciyar da za ta yi murna in an yabi ɗan'uwanmu. Amin.