Mijin da Ya Yi Jinyar Matarsa da Kwalbar Turare

Akwai wani mai sayar da turare da abokan kasuwarsa suka laƙaba wa suna Ɗan Ƙamshi. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a. Ƙamshinsa kan riga shi isa wuri, in kuma ya tashi daga kujera, sai ta yi awa guda tana ba da labarinsa.

Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Matsalarsa ɗaya ce tak: a wajensa, duk abin da ya lalace a duniya rashin dacewa da turare ne. Ciwon kai yana da turarensa, ɓacin rai ma yana da nasa. Kuma ba a yi masa gyara a kan ƙamshi, ko da kuwa hancinka ne ake magana a kai.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. 'Ya'yansu uku. Ana zaune lafiya aka gano tana da ciwon daji a nononta na hagu. Aka yi mata aiki, sannan likita ya rubuta mata ƙarin ruwan magani sau shida, sati uku tsakani, wanda a asibiti suke kira kimo.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shan kimo ya san ba wasa ba ne. Bakin Malama ya koma ɗaci, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata. Kasala ta hana ta ɗaga ko buta. Amma babban abin da ya addabe ta shi ne tashin zuciya. Hancinta ya buɗe fiye da kima, har in maƙwabta suna yanka albasa tana kwance a ɗaki take sani.

Kwana biyu da yin zagaye na farko, Ɗan Ƙamshi ya dawo daga shago ya zauna a bakin gado yana yi mata sannu.

Ta ce, "Baban yara, don Allah ɗan matsa. Ƙamshin nan yana tayar min da zuciya."

Ya shinshina hannun rigarsa. "Wannan? Ai da gaskiyarki, ya yi nauyi. Gobe zan sa mai sanyi."

Kun ji fa! Aka ce masa ƙamshi, shi ya ji an ce wannan ƙamshin. Washegari ya shafo mai lemo, ta yi amai. Kashegari mai fure, ta yi amai. Ya koma shago ya zauna da 'yan kwalabe da sirinji, ya haɗa wani na musamman, ɗigo uku na wannan, ɗigo ɗaya na wancan, har ya raɗa masa suna Na Malama. Wannan ne ma ya fi ba ta wahala.

Kuma in ta yi amai, bawan Allahn nan ba ya ƙyama. Shi zai ɗauki bokitin ya wanke tas. Sai dai yana gamawa zai feshe bokitin da turare, ya feshe labule, ya feshe matashi, wai don kar ɗakin ya dame ta. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Da gashinta ya fara zubewa a kan matashi, ta yi kuka sosai. Ya tausaya mata, ya saya mata ɗankwalaye masu laushi har guda shida. To amma a ina ya ajiye su kafin ya tashi daga kasuwa? A aljihun teburin shago, tare da kwalaben gwaji. Ko ɗaya ba ta iya ɗaurawa ba. Shi kuwa ya ɗauka launin ne bai yi mata ba.

Yayar Malama, wata bazawara mai ɗinki da ba ta iya ɓoye magana ba, ita ke zuwa da rana ta zauna da ita. Rannan ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Wai kai hancinka ya mutu ne? Yarinyar nan turarenka ne ke kashe ta."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ke za ki koya min ƙamshi? Abin da na sa yau ko jariri aka shafa wa ba zai yi atishawa ba."

"To ita ba jaririya ba ce, mara lafiya ce."

"Shi ya sa nake ta neman wanda zai dace da ita."

Yaya ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ce, "Allah ya shirye ka, in kana shiryuwa."

Bayan zagaye na uku aka ɗora Malama a sikeli. Ta rage kilo bakwai. Likita ya cire tabarau ya ce, "Ranar Litinin ta sama ne zagaye na huɗu. In ta sake ragewa, ba zan sa mata ba, jikinta ba zai ɗauka ba. Ɗagewar kuma ba na son ta, don ciwon ba ya jiran kowa. Ku yi duk yadda za ku yi ta ci abinci."

A hanyar komawa gida, cikin motar da kujerunta suka sha turare shekara da shekaru, Malama ta fitar da kai ta taga ta ce, "Ni na gaji. Ko an ce in koma ba zan koma ba. Ku bar ni haka nan."

Hankalin Ɗan Ƙamshi ya tashi ƙwarai. Suna isa gida ya shiga kicin da kansa, ya dafa farar shinkafa, ba mai ba yaji, kamar yadda wata nas ta ce a asibiti. Ya kawo, ya zauna daf da ita, ya ɗebo a cokali. Ta daure ta ci loma biyu. Ta uku ba ta wuce maƙogwaro ba.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya dire kwanon. "In Yaya ta kawo kina ci. In ni na kawo sai amai. In ganina ne ba kya son yi, ki fito ki faɗa mini!"

Ta goge bakinta ta ce a hankali, "Sau nawa zan faɗa maka?"

"Ai na canza! Kala goma sha ɗaya na canza saboda ke!"

Ta juya fuskarta bango. Shi kuma ya fita tsakar gida yana huci, yana ganin duk duniya ba mijin da ya kai shi ƙoƙari, ba kuma wanda aka raina wa ƙoƙari kamarsa.

Ranar Alhamis jiri ya kwashi Malama a banɗaki, dole aka koma asibiti a ƙara mata ruwa. Da ma shi bai taɓa shiga ɗakin kimo ba. Yakan sauke ta ita da Yaya a bakin ƙofa ya wuce shago. Ranar kuwa Yaya ta riga ta shiga da ita, shi ya tsaya ajiye mota, sannan ya biyo su da ledar ayaba da burodi. Kafin ya fito daga motar sai da ya ƙara fesa Na Malama, sau biyu a wuya, sau ɗaya a kowane hannu.

Ɗakin dogo ne, kujeru takwas a jere, kowace da ƙarfen rataye ruwa a gefenta. Ya shiga da sallamarsa yana murmushi. Bai kai kujera ta uku ba wata mata ta toshe hanci da mayafi. Wata budurwa ta fara kakarin amai. Wani tsoho, tsohon direban babbar mota, ya jawo robar amansa yana cewa, "Innalillahi! Wa ya fasa kwalba a nan?"

Nas ta taso da gudu, ta karɓe ledar ta miƙa wa Yaya, ta tasa shi gaba har waje.

Ya ce, "Sista, ki yi haƙuri, amma wannan shi ne mafi sauƙi a duk shagona. Ni na haɗa shi da hannuna, musamman don mara lafiya."

Nas ta riƙe ƙugu. "Malam, ba irin turaren ne matsalar ba. Turaren ne gaba ɗaya. Mai tsada da mai araha, duk ɗaya ne a cikin mutanen nan. Kai ne mijin Malama?"

Ya ce shi ne.

"Zo nan ka tsaya. Kar ka shiga, ta gilashi za ka duba."

Ya tsaya. Aka buɗe tagogi, aka kunna fanka, ɗakin ya lafa. Can sai ya ga Malama ta miƙa hannu cikin ledar. Ta ɓare ayaba ta cinye. Ta ɓare ta biyu. Ta yagi burodi tana ci tana yi wa Yaya magana, har da ɗan murmushi. Abincin da ya sayo ne, da kuɗinsa, da hannunsa ya kawo. Shi kaɗai aka cire daga ciki.

Nas ta ce, "Kullum a nan tana ci. Mun daɗe muna tambayar kanmu me yake gidan nan da yake hana ta. Yau mun shaƙe shi da hancinmu."

Ɗan Ƙamshi ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna bokitin, ya tuna matashin, ya tuna ɗankwali shida. Ya tuna yadda ya daka mata tsawa a kan loma uku na shinkafa. Ya zauna a bencin baranda ya rufe fuska da hannu, sai ya ji hannun ma ƙamshi yake yi.

Da Yaya ta fito ya ce, "Yaya, ki tafi da ita gidanki ta kwana biyu. A motar haya, ba tawa ba."

Ta ce, "Au, yau hancin ya farfaɗo?"

Shi kansa ya san ya cancanci wannan maganar.

Ya kira ƙanensa ya damƙa masa makullin shago, ya ce sai bayan wata uku. Ya koma gida ya sauke labule duka ya jiƙa. Ya fitar da katifa rana. Matasan kai ya kyautar, ya sayo sababbi. Kwalabe talatin da ɗaya ya kwashe daga ɗakin kwanansu kaɗai, har cikin aljihun gado. Ya yi wanka da sabulun wanki mara ƙamshi, ya sa sabuwar riga, ya nufi gidan Yaya.

Yaya ta tare ƙofa, ta matso da hancinta ta shinshina. "Koma."

Ya koma ya sake wanka har fatarsa ta yi fari. Ya dawo. "Koma. Yana cikin gashin kanka."

Ya biya wajen mai aski aka yi masa tal-kwabo. Ya dawo kai na sheƙi. Yaya ta zagaya shi sau biyu kamar mai sayen rago, ta kama hannunsa na hagu. "Cire agogon nan. Fatarsa ta sha turare ta ƙoshi." Ya cire ya jefa a aljihu. "A'a, ba a aljihu ba. Waje."

Ranar Asabar da yamma aka bar shi ya shiga. Malama tana zaune a kan tabarma, kanta ba ɗankwali. Ya durƙusa nesa da ita da kwanon shinkafa, yana tsoron matsowa. Ta dubi kansa, ta shafa nata, dariya ta kuɓuce mata.

"Matso mana."

Ya matso. Ta ja numfashi a hankali, shi kuma ya riƙe nasa. Ba abin da ya faru. Ta sake ja, sannan ta jingina kanta da kafaɗarsa, karo na farko cikin wata biyu.

Ta ce, "Ashe haka kake. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, yau na fara jin ƙamshin jikinka."

Ya ce, "Ki yafe min, Malama. Kin faɗa, ban ji ba."

Ta ce, "Miƙo cokalin."

Ta ci rabin kwanon. Da safe ta ci fiye da haka.

Ranar Litinin aka ɗora ta a sikeli. Ba ta ƙaru da yawa ba, rabin kilo ne kacal, amma ba ta ragu ba. Likita ya sa hannu a takarda ya ce a shiga da ita.

A ƙofar ɗakin kimo nas ta tsayar da shi, ta shinshina, ta kauce masa. Ya wuce kujeru uku ba wanda ya ɗaga kai. Ya zauna kusa da matarsa ya riƙe mata hannun da ba allura. Sai can tsohon direban nan ya waiwayo ya gan shi, ya ce, "A'a! Wannan bawan Allah yaushe ya shigo? Ko kaɗan ban ji shi ba."

A duk shekarunsa na sana'a, ba yabon da ya taɓa yi wa Ɗan Ƙamshi daɗi kamar wannan.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mara lafiya ya faɗi abin da ke damunsa, ka ji shi yadda ya faɗa, ba yadda sana'arka ko iyawarka ta fassara maka ba. Wani lokaci jinya ba abin da za ka ƙara ba ne, abin da za ka bari ne. Ku tura wa duk mai jinya da duk mai zuwa dubiya, kuma don Allah a bar kwalbar turare a gida.