Zanen da Ba a Wanke Ba

Akwai wata mace da mijinta manomi, suna zaune a gefen wani ƙauye. Sun yi shekara ashirin da biyu da aure, ba su sami haihuwa ba. Sun nemi magani, sun yi addu'a, har suka gaji suka daina zancen.

Ran nan da damina sai ungozomar ƙauyen, wata tsohuwa mai ɗingishi, ta shigo gidansu ɗauke da jariri ɗan kwana huɗu, a naɗe cikin wani baƙin zane mai ratsin ja. Uwarsa baƙuwa ce da ta zo ƙodago a gonakin mutane. Ta shayar da shi kwana uku a cikin zanen nan, sa'an nan ta rasu. Ubansa kuwa ba wanda ya san inda yake.

Ungozoma ta ce, "Na shiga gida shida, duk sun ƙi karɓarsa. Naku ne na bakwai, ƙafata kuma ta gaji."

Mijin ya kira matarsa bayan rumbu, ya ce, "Ki duba da kyau. Mu ba yara ba ne. Ranar da zai isa riƙe fartanya, ni na kasa riƙe tawa. Ba ki da nono, akuyarmu ɗaya ce. Wata rana kuma wani yana iya fitowa ya ce shi ne uban, ya tafi da shi bayan mun gama wahala."

Ta ce, "Duk na sani, Maigida."

"To, me kika gani?"

"Na ga gidan nan ya cika shiru. Na kuma ga in muka ce a'a, babu gida na takwas."

Suka karɓe shi.

A ƙauyen nan ba a sa tufar mamaci sai an wanke ta an shanya kwana bakwai. Saboda haka macen ta kwance jaririn daga zanen uwarsa, ta naɗe shi da sabon majanyi wanda ta ajiye tun kayan aurenta. Baƙin zanen kuwa ta cusa shi cikin wata tsohuwar tukunya ta rufe. Ta ce wa mijinta za ta wanke. Amma a ranta so take ta ƙone shi, gama ta ce, "Daga yau ni ce uwarsa, kada wani abu ya tuna masa da wata."

Sai jaririn ya ƙi sha. Ta tafasa nonon akuya ta fifita, ta kai cokali bakinsa, ya kau da kai. Ta yi masa tawai, ta zagaya tsakar gida da shi har ƙafafunta suka kumbura. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ciyawa ta rufe gyaɗarta a gona, ba ta leƙa ba. A rana ta uku kukansa ya zama siriri, maɗigar kansa ta fara lotsawa. Mijin kuwa sai dai ya tatsi akuya ya ajiye ƙwarya kusa da ita.

Ungozoma ta dawo, ta dubi jaririn, ta ce, "Ina zanen da na kawo shi a ciki?"

"Yana nan, Iya."

"Kin wanke?"

"Ban sami sukuni ba."

"Yau dai rashin sukuninki ya yi rana. Ɗauko ki ɗaura."

Macen ta ce, "Zanen mamaciya, ba a wanke ba? Me mutane za su ce?"

Tsohuwa ta ce, "Za su ce abin da suka saba, ai bakinsu ba ya hutu. Wannan kuwa bai san mutane ba, ke ma bai san ki ba. Abu ɗaya ya sani a duniya, ƙanshin uwarsa, shi ne kika rufe a tukunya."

Macen ta daɗe a tsaye gaban tukunyar. Ba al'ada ce ta tsayar da ita ba. Ta san in ta ɗaura zanen, ta yarda ke nan wata ta riga ta, kuma duk wanda ya gan ta zai tuna. Daga bisani ta buɗe. Zanen yana warin hayaƙi da gumi da nono. Ta ɗaura shi a ƙirji, ta rungumi jaririn. Ya yi ta goga hanci a jikin zanen, kukan ya lafa. Ta kai cokali, ya haɗiye. Ta sake, ya haɗiye.

Da zanen nan ta riƙa zuwa rijiya, da shi ta je sujada a coci, mata suna gusawa nesa da ita a kan benci. Bayan makonni ƙanshinta ya gauraya da na marigayiyar, har yaron ya yarda da ita ko da wane zane ta ɗaura. Sa'an nan ta wanke shi, ta ninke ta ajiye.

Gajiya ba ta ƙare ba. An yi haƙori, an yi ƙyanda. Uban bai zo ba, amma duk baƙon da ya yi sallama sai gabanta ya faɗi. Da yaron ya shekara shida, ya ga zanen a akwati ya ce, "Inna, wannan na wa ne?"

Ta ce, "Na uwarka ta fari. Zauna in gaya maka."

Ma'anar wannan misali ita ce, wanda ya ɗauki jariri riƙo bai ɗauki sabon abu fil ba. Jaririn ya zo da nasa rashi, ko da bai iya faɗa ba. Baƙin zanen shi ne asalinsa. Tukunyar ita ce ɓoyon da muke yi domin a ce mu muka haifa.

Mijin bai yi ƙarya ba, kuma kada a zarge shi. Akwai tsufa, akwai ɗawainiya, akwai bakin mutane, akwai tsoron da ba ya barin mutum. Matar ma gaskiya ta faɗa: gida yakan sami murya, yaro yakan sami rai. Ba kowa aka kira ga wannan aiki ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya faɗa tun da wuri, ya tatsi akuya ga wanda ya iya.

Amma ku da kuka karɓa, ko kuke shawarar karɓa, ku tuna yadda Ubangiji ya mai da mu 'ya'yansa. Ya zo inda muke, ya ɗauki jiki irin namu, domin mu gane shi mu karɓi abinci daga hannunsa. In akwai tukunyar da kuka rufe a gidanku, ku buɗe ta tun yaron yana iya haɗiyewa.