Shirun Mutum Uku a Kan Hantar Jatau

Ku gyara zama. Ga wata magana da aka kawo mini shekara uku ke nan, har yau ban yanke ta ba.

An yi wani malamin gona a ƙasar Zazzau mai suna Jatau. Mutumin kirki ne, ba zagi, ba faɗa. Aibinsa ɗaya: shekara ashirin yana shan giya kamar wanda aka ba kwangilar ƙarar da ita. Giya ba ta ƙare ba, hantarsa ce ta ƙare. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Likitoci suka ce sai dashen hanta, kuma ba za su taɓa shi ba sai ya yi wata shida bai kurɓa ba.

Amininsa Cindo ya kai shi gonarsa can cikin daji, inda ko mai shayi babu, ya tsare shi wata shida. Jatau ya yi makyarkyata, ya yi kuka, mutumin da ba ya zagi ya zagi Cindo har kakanni. Cindo ya ce, "Zaga, mutumina. Zagi ba ya kumbura ciki."

Ƙanensa Nomau, tela, ya kwanta aka yanki rabin hantarsa aka dasa wa wansa. Ya tashi da tabo daga ƙirji zuwa kwiɓi, wata huɗu bai taka keken ɗinki ba.

Matarsa Kande ta yi jinya. Maganin da ke hana jiki ƙin baƙuwar hanta, ita ke miƙa masa safe da yamma, ba fashi. Duk wanda ya zo dubiya kuwa sai ta ce ciwon shawara ne ya kama maigida. Unguwa ta san ba shawara ba ce, amma unguwa tana da ladabi.

Jatau ya warke, aka yanka rago.

Bayan shekara guda, Nomau ya je wata kasuwar ƙauye, ya hango babur ɗin wansa jingine bayan rumfar masu burukutu. Ya tsaya, ya dafa tabonsa. Ya ce a ransa, "In na yi magana, a ce gori nake yi wa Yaya. Kuma yaushe ƙane ya fara yi wa wa faɗa?" Ya juya.

Kande ta ji warin giyar a bakin Jatau duk da kanumfarin da yake taunawa. Ranar komawa asibiti likita ya tambaye ta ko maigida ya koma sha. Ta tuna 'ya'yansu mata biyu da ake neman aurensu. Ta ce, "Ko kusa, likita."

Cindo kuwa, Jatau da ƙafarsa ya same shi. Ya ce, "Na koma, Cindo. Kaɗan-kaɗan ne. Rantse ba za ka gaya wa kowa ba, ba zan iya haɗa ido da yaron nan Nomau ba." Cindo ya rantse. Ya yi ta nasiha, Jatau yana saurara da kyau, kamar yadda mashaya suka iya.

Kowannensu yana zaton shi kaɗai ya sani.

Da damina ta biyu Jatau ya yi aman jini, ya cika kafin a sami mota. Masu ta'aziyya suka ce shawarar ce ta dawo. Bayan addu'ar uku, mutum ukun suka zauna a tsakar gida, magana ta fito, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya ɓoye. Ba wanda ya ɗaga murya. Nomau ne kawai ya ce, "Ashe rabin hantata muka binne shekaranjiya."

Jatau shi ya ɗaga ƙoƙo da hannunsa, wannan ba gardama, kuma ya tafi inda za a tambaye shi. Ni kan waɗanda suka rage nake tambaya. Kunyar ƙane, rufin asirin mata, amanar aboki, duk abin yabo ne a garinmu, da su muke tarbiyyar 'ya'yanmu.

To, a cikin ukun nan, shirun wane ne ya fi nauyi?