Kukar Dangin Barmani

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa ku bar tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata birinya ce ana ce mata Barmani, ita ce babba a ɗakinsu. Tana da ƙane, Korau, da ɗan baffansu, Cindo. Sai kuma gwaggonsu Tasalla, tsohuwar da ta goya su duka ukun bayan rasuwar iyayensu. Tsufa ya riga ya cinye mata ƙafafu, ko bakin ƙofa sai an ɗauke ta.

Wata shekara Giwa za ta yi ƙaura, ta sa kukarta a kasuwa. Kuka ce ƙatuwa, mai kogo kamar ɗaki. Tunda Barmani ta gan ta, abin ya tsaya mata a rai. Ta tara dangi ta ce abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya fin ƙarfin gida. Ta sayar da gonar gyaɗarta, Korau ya sayar da awakinsa, Cindo ya kwashe rumbunsa, aka haɗa aka sayi kuka.

Suka raba sana'a. Barmani ta ɗauki ganye, tana shanyawa tana dakawa tana sayar wa masu miya. Korau ya ɗauki ɓawo, yana tuƙa igiya. Cindo ya ɗauki 'ya'ya, yana kai wa masu nono. Gwaggo Tasalla kuwa aka share mata kogon, aka shimfiɗa mata tabarma a ciki.

Ranar da aka shigar da ita, tsohuwa ta ce su zauna gaban shaidu su yanka iyaka, kowa ya san abin da zai ɗiba da lokacin da za a bar itacen ya huta. Korau ya yi dariya, ya ce shaidu ai sai tsakanin bare. Barmani ta san gwaggo ta yi gaskiya, amma ta ji nauyin kafa wa ƙanenta doka, sai ta bar maganar ta wuce.

Da fari komai ya tafi daidai. Tukunya ɗaya suke ci, jikin kowa ya murje. Ana nan sai Gizo ya zo ya ce shi dillali ne, zai riƙa nemo musu masu saye a ba shi la'ada. Suka yarda. Gizo ya duba ya ga in kaya sun yi yawa, la'ada ma ta yi yawa.

Ya sami Korau yana tuƙa igiya, ya zauna ya yi ta tausaya masa. Ya ce dubi tafin hannunka duk kanta, alhali yayarka ganye kawai take tsinka, ga ta har ta sayi sabbin ƙore. Da can Korau gefe ɗaya yake ɓarewa, ya bar ɗayan ya warke. Daga ranar ya zagaye gindin kukar da wuƙa, ya ɓare ta fes har inda hannunsa ya kai.

Gizo ya wuce wajen Cindo. Ya ce masa ai kai ɗan baffa ne, su kuwa ciki ɗaya suka fito, ranar rabo kai za a fara mantawa. Cindo ya hau ya kakkaɓe nunannu da ɗanyu. Waɗanda hannunsa bai kai ba, ya sare rassan da gatari.

Barmani ta ga gindin kuka ya yi fari, ta ga rassa a ƙasa. Ta yi niyyar tara su ta yi magana, sai ga Gizo. Zuwan farko ta kore shi. Zuwa na biyu ta bar shi ya zauna, tana daka yana zuba. A na uku ya ce mata, “Ke kika kawo shawarar nan, ke kika rabu da gonarki. Sun kwashe nasu. In itacen ya mutu, me za ki nuna?”

Ta ajiye taɓarya. Washegari ta hau kukar ta tsige ganye tas, har da ɗan tohon da bai gama buɗewa ba. Tana tsiga tana gaya wa ranta ai ba ita ta fara ba.

Daga nan tukunya ta rabu uku. Gaisuwa ma sai a daƙile. Kukar ta tsaya tsirara a rana, ba ɓawo ba ganye.

Gwaggo Tasalla ta kira Korau, ta ce cikin kogon ya fara wari, wani gari-gari yana zubo mata a ka. Ya ce ta gaya wa Cindo, shi ya sare rassa. Ta kira Cindo, ya ce ta gaya wa 'ya'yan gida, shi ai bare ne. Ta kira Barmani.

“'Yar nan, itacen nan ya mutu a tsaye. Ki fitar da ni.”

“To, Gwaggo. Bari a ci kasuwar gobe, in na dawo zan yi miki rumfa.”

Barmani ta fito tana ƙunƙuni a ranta, wai don me kullum ita ce mai ɗaukar nauyi, ga maza biyu a gida. Ga shi kuma Gizo ya ce mata fatake sun sauka, suna neman garin kuka ko nawa ne.

Da safe su ukun suka tafi kasuwa, kowa da hanyarsa. Rana ta take, babu iska babu hadari, sai mutanen kasuwa suka ji wani gum daga nesa, ƙasa ta ɗan motsa. Barmani ta ɗaga kai ta dubi inda ta saba hango kan kukar, ta ga sarari. Ta zubar da ƙwaryar hannunta ta sheƙa.

Ta tarar kukar ta rushe ta zama tulin ruɓaɓɓen zare, ƙura na tashi. Ta yi ta tono da hannu tana kiran gwaggo. Korau ya iso ya kama, Cindo ya iso ya kama. Rabon da su haɗa hannu a kan aiki ɗaya har sun manta. Sai da faratansu suka yi jini suka kai ga tabarmar. Tsohuwa tana kwance a kanta, ta riga ta cika.

A zaman makoki ne baki ya buɗe. Korau ya faɗi abin da Gizo ya gaya masa, Cindo ya faɗi nasa, Barmani ta faɗi nata. Korau ya zari wuƙa ya fita neman Gizo, sauran suka bi shi. Suka same shi can ƙololuwar wata tsamiya, yana lilo a zarensa. Ya leƙo ya ce, “Ni da baki kawai na zo muku. Wuƙa ta Korau ce, gatari na Cindo ne. Ke kuma, Barmani, ni na ce ki bar tsohuwa a kogo?”

Barmani ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, domin maƙaryaci ne ya faɗa, kuma gaskiya ce.

Ba su ƙara iya kallon idon juna ba. Korau ya yi gabas, Cindo ya yi yamma. Barmani ta koma bakin tsohuwar gonarta, ta tarar mai ita ya shuka gyaɗa ta yi kyau. Yunwa ta sa ta tsallaka ta tona, aka biyo ta da jifa. Shi ya sa har yau biri ba shi da gona ba shi da itace, sai ɓarna a na mutane.

To, kun ji. In za ku haɗa dukiya da ɗan'uwa, ku faɗi iyakar kowa tun ana dariya, kada kunya ta hana ku. In kuma ranku ya ɓaci da shi, ku je ku same shi ido da ido kafin wani ya shiga tsakaninku. Abin tarayya in kowa ya ce nasa zai ceta, marar ƙarfin gidan shi yake biya.

Ƙungurus kan kusu, tatsuniya ta koma inda ta fito. Ku tashi ku kakkaɓe tabarma.