Launi a Inuwar Mangwaron Malam Mamuda

Ranar Laraba, tara ga watan Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, likitan ido ya kashe 'yar tocilarsa, ya gaya wa Malam Mamuda, tsohon akawun reluwe da ke zaune a Tudun Wadar Zariya, cewa ganinsa tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Ku gyara zama ku bi ni daki-daki, domin a ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

Malam ya dawo gida jiki a sanyaye. Hasken rana ya zame masa azaba, sai ya koma wuni a ƙarƙashin wani tsohon mangwaro da ke bayan gidansa. Wurin kuwa ba abin kallo sai baƙar ƙasa da jijiyoyi, domin inuwar ta yi kauri har ciyawa ba ta fitowa. Ya tara 'ya'yansa uku, Lawandi da Tanimu da autarsu Kande, ya ce, "Duk rayuwata baƙar tawada nake kallo a farar takarda. Ba na so abin da zan gani na ƙarshe ya zama baƙar ƙasa. Wanda ya nuna mini launi a wannan inuwa kafin idona ya rufe, na ba shi mangwaron da filin da ke ƙarƙashinsa." Kyauta ce ta mai rai, saboda haka kada wani ya kawo mini lissafin gado.

Lawandi, wato babban, ya lura cewa duk furannin da maƙwabta suka kawo miƙewa suke yi siriri, su yi fari, su mutu ba su buɗe ba. Ya shiga mota zuwa Jos, wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Kowa ya tura masa fure, ya ƙi. Maimakon ya dubi abin da aka jera a rana, sai ya zagaya baya, inda aka ɓoye waɗanda rana ke ƙonawa. A can ya ga wata shuka mai kama da gwaza, amma tsakiyar ganyenta ja ce jawur, da ɗigo-ɗigon fari. Ya ce a ransa, fure kwana kaɗan yake yi, kuma sai da rana, ganye kuwa yana daɗewa. Ya sayo kwando guda. Sai dai garin saurin kama mota bai tambayi halinta da rani ba.

Tanimu birkila ne. Da ya sa fartanya ya tarar jijiyoyin mangwaro sun cinye ƙasar, suna shanye duk ruwan da aka zuba. Sai ya yi zobe da tsofaffin bulo, ya cika shi da ruɓaɓɓen ganye da yashi da tsohon kashin shanu. Ya sare rassa biyu ta gabas don hasken safiya ya ɗan leƙo, ya kewaye wurin saboda awaki, ya riƙa ɗauko ruwa safe da yamma. Shukar ta kama, amma damina ta riga ta yi nisa, ganyen bai girma ba. Malam ya ƙura ido ya ce, "Kamar hayaƙi nake gani, Tanimu."

Da sanyi ya shigo, cikin mako guda ganyen duka ya yi rawaya ya kwanta. Gidan ya ruɗe. Tanimu ya tone shukar cikin fushi, ya jibge 'ya'yanta na cikin ƙasa a ƙofar madafa, ya ce, "Yaya, gwaza aka sayar maka ka ɗauko tun daga Jos!" Lawandi ya ce, "Kai dai ka kashe su da ruwa, sarkin gwaninta." Malam yana jin su. Ya juya fuskarsa bango.

Kande tana aure a Samaru, kuma tun farko dariya take yi wa aikin, ko moɗa ɗaya ba ta taɓa zubawa ba. Ranar Juma'a ta zo gaida mahaifinta, ta tarar matar Tanimu ta wanke 'ya'yan shukar ta zuba a tukunya, tana haɗa wuta, wai za ta dafa wa Malam gwaza. Kande ta ɗauki ɗaya ta ɓantara, hannunta ya kama ƙaiƙayi. Ta ɗan taɓa a leɓe, nan take leɓen ya ɗauki raɗaɗi ya kumbura. Ta yi ƙara, "Innalillahi! Wannan za ki ba Baba?" Ta kifar da tukunyar. Tana tsince su ne ta ji kowanne da ƙarfinsa, ga ɗan ido ja a kansa. Ta gane ba mutuwa suka yi ba, barci suke yi. Ta binne su a busasshen yashi cikin tsohuwar randa, ta yi shiru, don kada ta sa wa tsoho rai a banza. Kafin rani ya ƙare, idonsa na hagu ya tafi.

Da ruwan farko ya sauka, ta mayar da su cikin zoben Tanimu, idon kowanne yana kallon sama, ta lulluɓe. Malam a lokacin ya daina fita. Bayan 'yan makonni, wata safiya ta riƙo hannunsa ta kai shi. Yana isa ya tsaya cak, sandarsa ta faɗi.

"La'ilaha illallahu! Wa aka yanka a nan?"

"Ba jini ba ne, Baba. Ganye ne."

Ganye ne kamar faifai-faifai, ja da fari da kore, suna sheƙi cikin inuwa. Lawandi da Tanimu suka fito da gudu, suka tsaya baki buɗe. Malam ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, hawaye na zuba. Ya ce a miƙo masa gawayi, ya rubuta a jikin katanga da irin rubutunsa na akawu. Kafin damina ta ɗauke, idon dama ma ya rufe.

Da aka zo cika alkawari, Malam ya rasa wanda zai ba. Ba don Lawandi ba, da ba a san shukar da inuwa ke so ba. Ba don Tanimu ba, da jijiyoyi da awaki sun gama da ita tun makon farko. Ba don Kande ba, da an dafa ta, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai sami tsohon da ya ci. Kowannensu kuma da inda ya gaza.

Rubutun yana nan a katangar har yau, na gan shi da idona: ganye arba'in da ɗaya. Mangwaro kuwa ɗaya ne, ba a raba shi uku. To, ku da kuka saurara, a hannun wa ya kamata makahon nan ya ɗora filin?