Kunun Tabawa da Ƙafafun Sallau

A wani gari da ake tseren keke duk shekara, akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ke dama wa matseran kunun gero da zuma da ɗan gishiri, su cika gorunansu su riƙa kurɓa a hanya don kada ƙarfinsu ya yanke.

Bara Sallau, ƙanen hakimi, shi ya zo na ƙarshe, ya ce laifin kunu ne. Da tseren bana ya matso, hakimi ya sa aka kira ta.

Ya ce, "Tabawa, kununki ya ba gidanmu kunya. Ki dama wa Sallau wanda duk ya sha ba mai wuce shi. In kin kasa, ki tashi daga rumfarki."

Tabawa ta tuna rumfar nan ce abincinta. Ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, zan dama. Amma in ya zo na ɗaya, ragon da ake ba gwani, gidana za a kai shi ko?"

"Gidanki? Ke kika hau keken?"

"Ai kununa ne zai yi tseren."

Hakimi ya tsuke fuska. "Kunu yana taka feda? Ƙafa ke cin tsere, tsohuwa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ja zamaninka. Ashe bara ma ƙafa ce ta faɗi."

Fadawa suka dinga tari don ɓoye dariya. Hakimi ya dubi ƙanensa ya ce, "Sallau, gobe da asuba ka fara motsa jiki."