Dalilin da Ya Sa Kwaɗi Ke Magana Baki Ɗaya

Dalilin da ya sa ba ku taɓa jin kwaɗo yana kuka shi kaɗai a fadama ba, yara, tsohon zance ne. Ku matso kusa.

A da can, kowane tafki da kwaɗinsa, kowanne da girman kansa. Idan Giwa ta sauko shan ruwa da rani, al'ada ce kowane tafki ya tura jakada shi kaɗai ya kai gaisuwa. To, kun san halin tsoro. Jakada zai durƙusa, ya ga ƙafa kamar turmi, sai bakinsa ya suɓuce ya ce ai ruwan maƙwabta ya fi nasu sanyi. Giwa ta yi godiya, ta je ta shanye na maƙwabtan tas. Haka tafkuna suka riƙa ƙafewa, kowa na ganin ya yi wayo.

A ƙaramin tafkin gindin giginya akwai wata tsohuwa cikin kwaɗi, ana ce mata Tabawa. Jikokinta ko ƙafa ba su fitar ba, in ruwa ya ƙafe sun mutu. Da ta ji an nuna tafkinta, hankalinta ya tashi, ta bi tafki-tafki da tsallenta na tsufa. Wasu suka ce a kori Giwa. Ta tambaye su da wane ƙarfi, kuma wa zai riƙa zurfafa musu tafki da sawunsa in ta tafi? Wasu suka ce a miƙa wuya kawai.

Ta ce, "Ba faɗa, ba bauta. Jakada ne dai babu shi daga yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Da magariba Giwa ta iso gindin giginya, ta tsaya jiran mai gaisuwa. Ba jakadan da ya fito. Can sai murya ta tashi daga gabas, yamma ta amsa, kudu da arewa suka ɗauka, har ganyen giginya yana rawa. Suna cewa ta sha kaɗan a kowane tafki, ta bar wa yara saura. Tabawa kanta ba ta taɓa sanin danginta na da murya haka ba.

Giwa ta baza kunnuwa ta ce, "Wa ya shirya wannan? Ya fito, na yi alkawari ba zan taɓa tafkinsa ba har abada."

Wallahi zuciyar tsohuwa ta raya mata. Tsalle ɗaya, jikokinta sun tsira. Amma ta san in ta fito, gobe wani zai fito. Ta nutsa cikin laka, ta buɗe baki tare da kowa.

"Mu ne."

Giwa ta juya dama, ta juya hagu, ta rasa wanda za ta saya, ta rasa wanda za ta taka. Sai ta sunkuyar da wannan ƙaton kai, ta zuƙi ruwa sau ɗaya, ta wuce tafki na gaba.

Shi ya sa har yau, in ka doshi kwaɗo sai ya yi tsit, fadama duka ta amsa maka. Ba ya magana da babba shi kaɗai.